Inda Wayar Eriya ta Shige

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa ya tashi sayen abin da ubanshi bai taɓa hawa ba, ni ma ban zauna ba. Na sayi a-kori-kura ta hannu. Fara ce a da, amma ko da ta zo hannuna ta koma kalar ƙasar hanya. Da ita nike jigila tsakanin Kankiya da Kusada, ranar kasuwa in zarce Dudunni in kwaso buhunan gero da wake, da mata masu tallar nono da ƙorensu. Baya na kowa ne, a cusa a danne. Gidan gaba kuwa, kujerar da ke kusa da ni, ranar kasuwa ta mutum ɗaya ce, kuma duk mai bin hanyar nan ya sani.

Wani tsohon Bafulatani ne, Baffa nike ce mashi. Ba jini ya haɗa mu ba, shanu ne. Tun zamanin kakana shanun gidanmu ke cikin garkensu, mahaifina ya gaji abin, ya rasu ya bar mani. Ba takarda, ba shaidu. In saniya ta haihu a aiko mana da man shanu a ce an samu ƙaruwa, in ta mutu a kawo fata. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa sa mani baki a harkar mota ba, amma kan wannan ta sha ja mani kunne. Cewa take, abin da kakanka da ubanka suka riƙe lafiya, kada a ce a hannunka ya lalace.

Baffa a cikin mutane ba ya magana. Ka gaishe shi ya amsa, ya dubi ƙasa, shi ke nan. Amma da na rufe ƙofar mota na tada inji sai bakinshi ya buɗe. Ban san me ke cikin gidan gaban nan ba. Har mu kai Kankiya yana ba ni labari: wace saniya ce ke da taurin kai, wane manomi ne ya shuke burtali, yadda babban ɗanshi ke son a ware mashi nashi shanun ya yi kudu da su, shi kuma ya hana. A farkon daminar shekarar nan ma ya gaya mani abin da ba a gaya wa bare. Lokacin ana jangali, harajin shanu, kowace damina malaman jangali su bi rugage suna ƙirga garke. Kowane makiyayi yana da inda yake kawar da wasu kafin su iso. Baffa ya ce bana ya samu wani kwari yamma da Dudunni, sai an ƙetare rafi an kutsa sarƙaƙiya, ya tura fiye da rabin garken can, har da namu. Yana faɗa yana dariya har malfarshi ta faɗo kan giyar mota.

Sai ga sha'awar rediyo ta kama ni. Wata babbar mota na gani daga Kano, ta wuce kiɗa na tashi a cikinta, na ce wallahi ni ma sai na sa. Na samo wata rediyon mota ta hannu wurin wani direba, na nufi rumfar mai wayarin da ke bayan tasha. Shi kaɗai ne mai gyaran wutar mota a garin lokacin, don haka kowa wurinshi yake zuwa, har motocin 'yan sanda da na hukuma. Sa'ana ne, a Kano ya koyo aiki, mutum ne marar fara'a, mai tsabtar tsiya. Ko sukundireba ya ɗauka sai ya goge ta kafin ya ajiye.

Ya shiga cikin tarkacenshi ya jawo wata eriya doguwa, baƙa, ta fi ni tsawo. Ya ce daga jikin wata motar soja da aka yi gwanjo bayan yaƙi ya cire ta, in aka sa wannan ba tashar da ba za ta kamo ba. Ni kuwa tsawon nan shi ya burge ni.

Na ce, "To mu huda rufin ta tsakiya, wayar ta sauko kai tsaye."

Ya dube ni kamar na zagi iyayenshi. "A huda rufi? Da damina? To direba ka nemi wani. Ruwa ya riƙa ɗiga maka a ka, tsatsa ta ci rufin, a ce aikina ne? Ni inda na koyi aiki, in ana ganin waya to ba a gama ba."

Na ce ya yi yadda ya ga dama, ni dai in ji magana.

Sai ya ɗaure gindin eriyar a gefen rufi, a ɗan kwarin nan da ruwan sama ke bi, daidai saman ƙofar fasinja. Ya ɓare robar ƙofa, ya ɗan lanƙwasa wayar ƙasa don ruwa ya ɗige kafin ya kai ciki, ya kwantar da ita a bayan robar, ya mai da robar ya danne. Daga nan ya sa bayan cokali ya ɗaga bakin silin, ya ɗaura wayar a wani siririn ƙarfe ya yi ta turawa a hankali, har ta fito ta ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, ta gangara bayan dashbod. Daga waje ba abin da kake gani sai taƙi ɗaya na baƙar waya, ta fito daga gindin eriya ta shige roba. Daga ciki kuwa ko alama babu. Gaskiya aiki ya yi kyau, amma ya ci rabin yini. Ni ban iya zaman shiru ba, sai na koma kan benci cikin masu jiran gyara, muka yi ta hira ana ƙyaƙyata dariya.

Aka kira azahar na tafi masallaci. Da na dawo na tarar ya rufe komai, rediyon kuma tana kan teburinshi a buɗe, hanjinta a waje. Ya ce da ya haɗa ta wani abu ya ƙone a ciki, sai an samo daga Kano, kwana kaɗan ne.

"Wayar fa?"

"Tana inda ya kamata."

Haka na fita da eriya tana dukan rassan itace, ba rediyo.

Ranar kasuwa na tarar da Baffa a bakin hanya inda ya saba jira, sanda a kafaɗa. Na tsaya na miƙa hannu na buɗe mashi ƙofa. Bai shigo ba. Ya ɗaga kai ya dubi eriyar tun daga gindi har tsini. Ya sa yatsa ya bi ɗan taƙin wayar nan har inda ta shige roba. Ya leƙo ciki ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya shafa silin.

"Ɗana, wannan fa?"

"Ta rediyo ce, Baffa."

"To kunna mu ji."

"Ai ba a sa ba tukuna, tana wurin gyara."

Ya ce, "To madalla." Ya shigo ya zauna, ya ɗora malfa a cinya. Har muka kai Kankiya ban ji komai daga bakinshi ba sai salati in mun faɗa rami. Na jawo zancen ruwa, ya ce Allah ya ƙaro. Na jawo zancen shanu, ya ce suna lafiya.

Mako na gaba ko ƙofar bai taɓa ba. Ya ce wa wata mai goyo ta shiga gaba, rana za ta dami jaririn, shi kuma ya kama ƙarfe ya hau baya cikin buhuna. Tsoho kamar Baffa! Na gane sarai, ba yaro ba ne ni. A ƙasar nan duka ba motar da ke yawo da doguwar eriya irin wannan sai ta 'yan sanda da ta soja, masu oba-oba, waɗanda ke magana da ofis daga cikin daji. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mutumin da ya san ni tun ina tsumma, shi ne zai yi mani wannan kallon? To ya zauna bayan, iska ta ishe shi. Shi kunya ba za ta bar shi ya tambaye ni kai tsaye ba, ni kuma girman kai ya hana ni in sauko in yi mashi bayani.

A tasha ma an sa ni gaba. Da na shigo sai direbobi su fara, "Ga ɗan sandan ciki nan! A yi hattara!" Maimakon in yi shiru, sai in dunƙule hannu a baki in ce, "Oba, oba, ga su nan duk na gan su, a turo mota." A fashe da dariya. Ni a wurina wasa ne. Ban lura ba cewa masu tallar nono na tsaye suna ji, kuma su ba su yi dariya ba. Daga lokacin in na tsaya ɗaukar su sai hira ta mutu, kowace ta gyara ƙwaryarta ta kau da kai. Wasu ma suka koma bin wata tsohuwar mota da ke mutuwa sau uku kafin Kusada.

Ana nan sai ranar kasuwa ta zo ban ga Baffa a bakin hanya ba. Na yi ham, na jira, ba kowa. Wani mai sayen hatsi ɗan Dudunni da ya shiga gaba ranar shi ya fasa mani ƙwan. Ya ce malaman jangali sun zo, kuma ba su tsaya ruga ba. Kai tsaye suka yi yamma, suka naɗe wanduna suka ƙetare rafi, suka kutsa sarƙaƙiya kamar da can sun san hanya. Suka tarar da shanun cif. Aka kira Baffa gaban ardo, aka faɗa mashi maganganu gaban 'ya'yanshi. Mutumin ya ɗan dubi silin, ya sassauta murya, ya ce, "Kuma cewa ake kai ka buga masu waya."

Na taka burki har buhuna suka zube a baya. Na yi rantsuwa, na yi zagi, mutumin ya ce shi dai abin da ya ji ne. Da na koma gida Inna ta tambaye ni ko lafiya watan nan ba a aiko da man shanu ba. Na ce mata halan ruwa ne ya cika rafi.

Daga ranar sai ni ma zargi ya shige ni. Na zauna na yi ta juya abin. Wa ke gyara motocin 'yan sanda? Mai wayarin. Wa ya zaɓo eriyar soja, alhali ga ƙanana rataye a rumfarshi? Shi. Me ya sa ya ƙi huda rufi, ya bi ta inda ido ba ya gani? Me ya sa sai da na tafi salla ya rufe dashbod? Ina rediyon da aka ce kwana kaɗan, ga shi an shiga wata na biyu? Ni kaina ban taɓa ganin ƙarshen wayar nan ba. Wallahi sai da ta kai in ina tuƙi ni kaɗai ko waƙa ba na yi. In tsaya a daji in kashe inji in kara kunne a dashbod, ko zan ji wani abu na motsi. Na ƙwanƙwasa silin, na shinshina. Motata, da na saya da gumina, ta zama ina jin tsoron yin tari a cikinta.

Ranar da abin ya ishe ni na tafi rumfar, ban ko yi sallama ba.

"Kai, me ka binne mani a mota?"

Yana kan wani batir, bai ɗago ba. "Waya."

"Ina ta tafi? Da wa take magana? An tona asirin mutum saboda aikinka, an ɓata mani suna daga nan har Kusada!"

Ya ajiye filaya, ya goge hannu, sannan ya dube ni. "Direba, wayata tana bayan dashbod, na naɗe bakinta da salatif, ko wuta babu a jikinta. Je ka buɗe. Amma tunda ka zo da faɗa, bari in tambaye ka. Ranar da nike aikin nan, wa ya zauna a bencin can yana ba da labarin wani tsoho da ya kai shanu kwari? Har da kwaikwayon dariyarshi, har da yadda malfa ta faɗo?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Wani ya ce ƙarya ne, ba kwarin da zai ɓoye shanu a ƙasar nan. Ka ce akwai, yamma da Dudunni, sai an ƙetare rafi. Ina ƙarƙashin sitiyari ina jin ka. Ka san mai farar hular nan da ke ƙarshen benci, wanda ya kawo babur?"

"Ban san shi ba."

"Ni ma ban tambaye shi aikinshi ba. Na dai san ba goro yake sayarwa ba."

Ya koma kan batirinshi. Na fito. Na tuna, tiryan-tiryan na tuna. Labarin ya yi mani daɗi ne a baki, mutane na dariya, na ƙara gishiri. Ban ambaci sunan Baffa ba, shi ya sa ko a jikina.

Ya kamata in ce daga nan na yi nadama na tafi na faɗi gaskiya. Ba haka aka yi ba. Kafin in kai gida na riga na sama wa kaina mafita. Na ce ai ba wanda ya ga mai farar hula ya kai magana, wataƙila ma wani ne daban. Kuma abin da Baffa ke zargi waya ce, waya kuwa ba ta da laifi. In na nuna mashi ƙarshenta magana ta ƙare, shanunmu su zauna inda suke, Inna ba ta ji komai ba. Na ɗauki sukundireba na kama hanyar Dudunni.

Bayan la'asar na isa rugar. Baffa na zaune kan tabarma, 'ya'yanshi maza na ɗaure maruƙa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi hanya, duk ba tare da ya dube ni ba. Na ce, "Baffa, don Allah taso ka ga wani abu."

Ya taso, 'ya'yan suka biyo shi. Na fizge robar ƙofa gaba ɗaya. Na sa hannu a bakin silin na ja, ya yage tun daga ƙofa har tsakiya, ƙura ta zubo. Na kwance dashbod, na zura hannu na jawo wayar. Ga ta nan, an naɗe ta kamar gammo, bakinta ɗaure da baƙin salatif, ba ta haɗe da komai ba. Na sa mashi ita a hannu.

Ya bi ta da yatsu tun daga gindin eriya har ƙarshe. Ya sake bi. Ya warware salatif ɗin ya dubi ɗan jan ƙarfen da ke ciki. Ya duƙa da ƙyar ya leƙa ramin dashbod. Sai ya miƙe ya cire malfa, gaban 'ya'yanshi, ya ce, "Ɗana, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mani."

Allah ya gani, daɗi na ji. Na ce, "Haba Baffa, ba komai."

Ya jinjina kai, wayar na hannunshi. Ya ce a hankali, "To amma mu uku muka san kwarin nan. Ni, da kai." Sai ya juya.

Babban ɗanshi na tsaye a bayanshi da igiyar maraƙi. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa in an kai ni ruga. Shi ya kwana makonni a kwarin nan sauro na cin shi. Ɗan fari ne, don haka a al'adarsu Baffa bai taɓa kiran sunanshi ba, bai taɓa tsayawa ya dube shi ido cikin ido gaban mutane ba. Ranar ya dube shi. Ya ce, "Wanda ke son a raba garke, ai ya samu hanya."

 Ɗan kuwa ba zai iya mai da wa ubanshi magana ba ko da yanka shi za a yi. Ƙannenshi suka fara ja da baya daga kusa da shi. 

Ban san lokacin da na ce, "Baffa, ni ne," ba.

Na faɗa mashi duka. Benci, masu jira, mai farar hula, rafi. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ya saurara har na gama.

"A rumfar gyaran mota," ya ce.

"E, Baffa."

"Suka yi dariya?"

"Sun yi."

Ya mai da malfarshi. Ya miƙo mani wayar da hannu biyu, kamar wani abin kirki. Ya ɗaga murya ya ce wa mata a kawo wa baƙo nono. A rugar da nike shiga har bukkar matarshi in ɗebi fura da kaina, yau ni ne baƙo. Aka kawo, na sha, don ƙin sha ya fi muni. Na tuƙo mota silin na reto yana shafar kaina har Kankiya, kuma ban iya gaya wa Inna komai ba.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, na ji kukan shanu a ƙofar gida. Na fito na tarar da babban ɗan nan da sandarshi, ƙafafunshi duk taɓo, shanunmu sun cika lungu, maƙwabta sun fito kallo. Muka gaisa. Ya nuna mani wata ja ya ce tana da ciki, kada a bari ta sha ruwan kududdufi. Ya nuna wani bijimi ya ce ba ya son a zo mashi ta hagu. Sannan ya ce, "Baffa ya ce a gaya maka ya yafe, duniya da lahira. Ya ce kuma ranar kasuwa ka daina tsayawa a bakin hanya, kana ɓata wa mutane lokaci."

Inna ta fito da ruwa a kwanon sha. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce alhamdu lillahi, ya sha a hanya. Leɓenshi kuwa a bushe, tun daga Dudunni a ƙasa yake. Ya yi sallama ya juya.

Inna ta daɗe tsaye da kwanon a hannu tana kallon shanun. Na jira ta tambaye ni abin da na yi, na ma shirya amsa. Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa ganinsu a ƙofar gidan nan ba." Ta zubar da ruwan a gindin bango. "Je ka nemo turaku."